Katin Malamar Piyano

Wata rana da la'asar, a wani kantin tsofaffin littattafai da ke kan titin Charing Cross a birnin Landan, inda akan jibge littattafan da masu su suka riga mu gidan gaskiya a cikin akwatuna a bakin ƙofa, kowanne a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, na ɗauki wani littafin kiɗa wanda bangonsa ya ɓare, ba don ina iya karanta ɗige-ɗigen nan da Turawa ke ratayawa a kan layuka biyar ba, sai don ina jiran ruwa ya ɗauke, hannu kuwa ba ya son zaman banza. Ina buɗe shi ke nan sai wani ɗan kati ya sulluɓo daga tsakanin warƙoƙinsa ya faɗo a kan takalmina.

Faɗinsa bai wuce yatsa uku ba, farinsa kuma ya riga ya rine ya koma kalar tsohon hauren giwa. A tsakiya an buga sunan wata mace da rubutu mai lanƙwasa kamar na hannu, gabansa da kalmar nan ta Ingilishi mai nuna ba ta yi aure ba. Ƙarƙashin sunan an ce tana koyar da kaɗa piyano da rera waƙa. Ƙarƙashin wannan kuma, da ƙananan baƙaƙe, an ce ita almajirar wani babban malami ce na birnin Biyana. A kusurwar hagu ga lambar gida da sunan titi, a ta dama kuwa, inda ɗan kasuwa zai sa farashi, sai aka ce mai son sanin lada ya zo ya tambaya. Da na juya bayansa sai na tarar wani ya riga ya tambaya, an kuma ba shi amsa da fensir: Talata da Juma'a, ƙarfe huɗu, lada gini biyu a wata uku. Na nuna wa mai kantin, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi littafi yake sayarwa, abin da ke ciki gyara ne.

Asalin irin waɗannan katuna lalura ce ta haife su. A Landan ta ƙarni na 17 da farkon na 18 gidaje ba su da lamba, kowane kanti da alamar da aka rataya bisa ƙofarsa ake gane shi, wannan zaki, wancan ƙaho, wancan kan sarki, saboda haka mai sana'a yakan sa a sassaƙa masa hoton alamarsa a kan farantin tagulla, a buga masa takardu masu kwatancen hanya da bayanin hajarsa, yana raba wa mutane, wani lokaci ma a bayansu yake rubuta lissafin bashi. William Hogarth, kafin ya zama mai zanen da Ingila ke alfahari da shi, da wannan aiki ya fara cin abinci, nasa katin kuwa yana ɗauke da shekarar 1720. Sai a shekarun 1760 aka sauke alamomin nan aka shiga sa wa gidaje lamba, takardar kuma ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama wadda ke shiga aljihu. Da ba don wasu mutane masu son tsince-tsince ba, da duk sun tafi bola: Sarah Sophia Banks, wadda ta rasu a 1818, da Ambrose Heal, mai sayar da kujeru da gadaje, sun tara dubbai waɗanda ke ajiye yanzu a Gidan Tarihi na Birtaniya. Wanda labarinsa ya fi kama mini hankali shi ne John Johnson, wanda a ƙuruciyarsa, kafin Yaƙin Duniya na Farko, ya yi ta tonon jujin mutanen dā a ƙasar Masar yana neman guntayen takardunsu, har wata tambaya ta tsaya masa a rai, watau in muna ɗaukar sharar mutanen da suka shekara dubu biyu da mutuwa da irin wannan daraja, don me muke ƙone tamu? Ya koma Oxford ya zama shugaban maɗaba'ar jami'a, ya yi ta tara tikiti da tallace-tallace da katuna har suka haura miliyan, aka mai da su ɗakin karatu na Bodleian a 1968.

To, amma katin malamin kiɗa ba daidai yake da na mai sayar da kyandir ba. A al'adar manyan gidajen Turai na ƙarni na 19 kati iri biyu ne: akwai na ziyara, wanda ba ya ɗauke da kome sai suna, ana miƙa shi ga bara a ƙofar gaba ya ɗora a kan faranti ya kai wa uwargida, akwai kuma na sana'a, wanda hanyarsa ƙofar baya ce, tare da mai nama da mai gawayi, har ana ganin rashin ladabi ne mutum ya miƙa shi a wajen ziyara, domin sai a zaci bashi ya zo karɓa. Malamar piyano kuwa wace ƙofa za ta bi, alhali a falo take aikinta, kusa da 'yar masu gida take zama, kafaɗa da kafaɗa, tana kama mata yatsu, amma a ƙarshen wata uku sai an biya ta kamar yadda ake biyan mai wanki? Wannan tsaka-mai-wuya ta daɗe. Makaɗin nan Haydn, da ya shiga hidimar gidan Esterházy a 1761, an rubuta masa cikin sharuɗɗa irin tufafin da zai sa, kamar sauran ma'aikatan gidan. Mozart kuma a 1781 ya rubuta wa mahaifinsa yana kukan cewa a teburin cin abinci na babban limamin Salzburg an zaunar da shi ƙasa da barorin ɗaki, sama kaɗan da masu dafa abinci. Shi ya sa katin da ke hannuna ya yi shigar katin ziyara, ya ɓoye farashi, shi ya sa kuma aka yanka lada da gini. Gini fam guda ne da sule guda, sunan kuwa daga gaɓar Afirka ta Yamma ya samo asali, inda zinariyar da aka fara buga shi da ita a 1663 ta fito, ko bayan an daina buga tsabarsa ma Ingilishi sun ci gaba da lissafi da shi: mai kanti da fam ake biyansa, likita da lauya da gini. Sulen nan guda da ke bisa, ashe, kuɗin mutunci ne. Chopin ma, wanda a Faris ya rayu da koyar da 'ya'yan masu hali a kan faran 20 kowane darasi, an ruwaito ba ya karɓar kuɗin da hannunsa, sai almajira ta ajiye a kan dandamalin murhu shi kuwa ya juya yana duban taga.

Wanda ya tashi a hannun malaman zaure ba zai ga baƙon abu ba cikin wannan kunya, domin kuwa kuɗin Laraba ba a taɓa kiransa farashi ba, kuma fuƙaha'u sun daɗe suna jayayya a kan ko ilmi abin sayarwa ne. Magabatan Hanafiyya sun hana karɓar ijara a kan koyar da Alƙur'ani, sai da aka yanke wa malamai rabonsu daga baitulmali, aka ji tsoron kada karatu ya tozarta, sa'an nan na bayansu suka yi fatawa da halacci. Malikiyya tun farko sun halatta. Game da koyar da waƙa kuwa maganar ta fi tsanani, gama Muhtasar na Shaihu Halil ya lissafa shi cikin abubuwan da ijara ba ta inganta a kansu, Risala ma ta yi hani ga sauraren kayan wasa, alhali Ibn Hazm na Andalus bai ga hadisan hanin sun tabbata ba, Imam Gazali kuma a cikin Ihya ya rataya hukuncin ga halin mai saurare da abin da waƙar ke motsawa a zuciyarsa. Ba ni da niyyar shiga tsakanin waɗannan manya, raba gardamarsu ba aikin irina ba ne. Abin da ya dame ni ya shafi mai koyar da piyano da mai koyar da nahawu baki ɗaya: shin ya dace mai ilmi ya buga sunansa a takarda ya ce ga ni?

Mu dai an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, Alƙur'ani kuma ya hana mutum ya tsarkake kansa, malaman tasawwufi sun cika littattafai da gargaɗi a kan riya da sum'a da ujubu, har suka fifita mutumin da ba a san shi ba, wanda in ya zo ba a tashi, in ya tafi ba a cigiya. Amma cikin Alƙur'anin nan dai Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gaya wa sarkin Masar da bakinsa cewa shi mai tsare amana ne, masani, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, malaman tafsiri kuwa suka kafa hujja da wannan cewa mutum yana iya bayyana abin da ya iya inda ba a san shi ba, in akwai bukata, in kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. A ganina katin nan ya fi kusa da wannan babi. A ƙauye, ko a birni irin na dā, inda an san kowa da gidansu, ba mai bukatar kati: makaɗi a ƙasarmu gado yake yi, ko ya bi ubangida shekara da shekaru yana amshi, kirarinsa kuma a bakin jama'a yake. Kati na mutumin da ya tsinci kansa cikin miliyoyin da ba su san ubansa ba ne. Mace marar aure a Ingila ta wancan zamani, wadda aka yi wa tarbiyyar 'yan gidan mutunci sa'an nan mahaifi ya mutu bai bar kome ba, hanyoyin halal da ke gabanta ba su da yawa, ko renon 'ya'yan wasu, ko ɗinki, ko wannan. Wanda ya kira katinta riya bai san zafin kuɗin haya ba.

Inda shubuha take shi ne layin nan mai ƙananan baƙaƙe, wanda ya ce ita almajirar wane ce. Da na fara ganinsa sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙuwar ƙasa, domin wannan isnadi ne tsantsa, irin wanda malamanmu ke rubutawa a ijaza, wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga mai littafi. Masu piyano suna da silsilarsu da suke ji da ita: Beethoven ya koyar da Carl Czerny tun yana yaro ɗan shekara goma, Czerny ya koyar da Liszt ba tare da karɓar ko kwabo ba, ya kuma koyar da Theodor Leschetizky, wanda ya zauna a Biyana har almajiransa suka haura dubu, cikinsu har da Paderewski wanda ya zama firaministan Folan a 1919. Saboda haka yarinya a wani ƙaramin gari na Ingila ko na Amurka, in malamarta ta yi karatu a Biyana, tana iya ƙirga mutum uku ko huɗu tsakanin yatsunta da na Beethoven, abin da masu hadisi ke kira isnadi maɗaukaki. Dalilin kuwa ɗaya ne a wajensu da wajenmu, watau akwai abin da takarda ba ta iya ɗauka. Ɗigon da ke kan layi yana faɗin wace murya za a taɓa, amma nauyin hannu, da inda za a ja numfashi, da ɗan jinkirin da ke sa jimla ta yi rai, sai an zauna gaban wanda shi ma ya zauna gaban wani, kamar yadda ba a koyon tajwidi daga littafi sai daga bakin gwani. Mawaƙi Ziryab, wanda ya fito daga makarantar gidan Mausili a Bagadaza ya sauka Kurɗuba a 822, an ruwaito yakan ɗaure wa mai raunin murya ciki da rawani, wanda kuma ba ya iya buɗe baki sosai ya sa shi ya kwana da guntun itace tsakanin haƙoransa. Irin wannan ilmi a jiki ake zuba shi.

Sai dai duk abin da ya yi daraja sai an yi jabunsa. Liszt, daga 1869, yakan buɗe ɗakinsa a Weimar kyauta, ɗalibai su cika shi, wasu su kaɗa, wasu su zauna a bango suna kallo, da yawa daga 'yan kallon nan kuwa suka koma garuruwansu suka buga kati da sunansa. Leschetizky kuma yana da mataimaka waɗanda sabon ɗalibi ke fara bi ta hannunsu, mutum yana iya shafe watanni a Biyana bai zauna gaban shi kansa malamin ba sai sau 'yan kaɗan. Hatta laƙabin farfesa, a Ingila da Amurka na ƙarni na 19, duk mai koyar da goge a soron sama yana iya liƙa wa kansa, ba mai tambayarsa wace jami'a ta naɗa shi. Malaman hadisi sun san wannan cuta tun shekaru dubu da suka wuce, suka sa mata suna tadlisi: mutum ya yi magana da lafazin da ba ƙarya ba ne, amma yana sa mai ji ya zaci an yi zaman da ba a yi ba. Har an ce Buhari ba ya gamsuwa sai ya tabbata mai ruwaya ya sadu da shaihinsa, Muslim kuwa ya wadatu da su yi zamani ɗaya saduwa kuma ta yiwu. Da za a ɗora katunan malaman piyano a kan wannan ma'auni, da yawa za su wuce a sharaɗin Muslim su faɗi a na Buhari.

Ga kuma kishiyar wannan, wadda ta fi ba ni mamaki. Beethoven ya iso Biyana a ƙarshen 1792 don ya yi karatu a wajen Haydn, ya kuma yi har fiye da shekara guda, amma Ferdinand Ries, almajirin Beethoven, ya ba da labari cewa da Haydn ya so ya rubuta a bangon ayyukansa na farko cewa shi almajirin Haydn ne, sai ya ƙi, yana cewa ya zauna gabansa amma bai ƙaru da kome ba. Masana kuwa suna jin hannun Haydn a cikin waɗannan ayyuka ƙarara. Ga wanda ya sha daga rijiya ya ƙi ambatonta, ga waɗanda suka leƙa ta kawai suka rubuta sunanta a goshinsu. In aka tilasta mini in zaɓa, laifin na biyun ya fi sauƙi a wurina, domin shi aƙalla ya yarda cewa mutum ba ya yin kansa.

Daga nan ne na lura da abin da ya sa katin ke sa ni baƙin ciki in na dube shi. Mai ƙera tebur yana mutuwa ya bar tebur, marubuci ya bar littafi, sunansa a manne da aikinsa. Malamin kiɗa kuwa hajarsa sauti ce, tana fita tana ɓacewa, kafin Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877 ma ba wata hanyar tsare ta, bayan nan ɗin ma ba wanda ya kai na'ura falon da ake koya wa yarinya hawa da saukar muryoyi ranar Talata da yamma. Abin da ya rage sai ya rabu biyu, kowanne ya kama hanyarsa: sunan ya zauna a kan kati ba aiki tare da shi, aikin kuma ya shiga yatsun wata, daga nan ya shiga na 'yarta ko na almajirarta, yana tafiya ba suna tare da shi. Hadisin da ya lissafa ilmi mai amfani cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa da mutuwa bai sa sharaɗin a tuna da sunan mai shi ba, ko da yake malamai za su yi saɓani a kan ko wannan fanni ya shiga ciki. Masu tara katuna rabin da ba ya numfashi suka samu.

Ibn Haldun ya ce a Muƙaddima sana'ar waƙa ita ce ta ƙarshen bayyana in birni ya bunƙasa, ita ce kuma ta farkon ɓacewa in ya soma lalacewa. Abin da ya sami masu waɗannan katuna ya zo ta wata fuska da bai hango ba, gama birnin bai lalace ba, kiɗan ma ƙaruwa ya yi. Dā wanda ke son jin kiɗa a gidansa tilas wani daga cikin iyalinsa ya koya; da garmaho ya shigo, rediyo ya biyo baya a shekarun 1920, sai murɗa maɓalli ya wadatar, piyanon falo ya zama wurin ɗora hotuna. Malaman ba su ƙare ba, har yau akwai su, amma zamanin da kowane titi ke da tasa malamar ya wuce.

Haydn da ya tsufa, hannu ya daina biyayya, masu gayyata kuma ba su daina aikowa ba, sai ya sa aka buga masa wani kati dabam, ba laƙabi a kansa, ba sunan ubangida, sai ɗan layin kiɗa daga wata waƙarsa ta tsoho mai sanar da cewa ƙarfi ya ƙare, shi yake aika wa wanda ya tambayi lafiyarsa har ya rasu a 1809. Ban taɓa jin katin da ya kai wannan gaskiya ba.

Littafin da katin ya faɗo daga cikinsa na kai wa wani abokina da ya iya karatun ɗigon, ya duba ya ce darussan masu farawa ne. Ya nuna mini ƙananan lambobi da aka rubuta da fensir bisa ɗige-ɗigen, daga 1 zuwa 5, ya ce yatsu ne, malama ce ke nuna wanda za a sa a kowace murya, hannun kuwa shi ne wanda ya rubuta Talata da Juma'a a bayan kati. A shafi na 14 akwai wata gaɓa da aka zagaye har sau uku, fensirin ya danne takardar har ya kusa huda ta, a gefe an rubuta kalma guda wadda ya fassara mini da cewa a hankali. Ya zauna ya kaɗa gaɓar da yatsun da littafin ya buga, sa'an nan ya sake kaɗa ta da waɗanda aka gyara da fensir, ya yi shiru kaɗan, ya ce nata sun fi. Daga shafi na 15 har ƙarshen littafin ba sauran alamar fensir ko ɗaya.